Neman shawara: wane injin batir zan ɗaura wa kwalekwalen su a Yauri?

Mai tambaya, daga Yauri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwalekwalen katako mai tsawon kusan mita 7, baki biyu masu tsini, mu biyu muke shiga da ni da ƙanena. Wurin da muke zuba raga da mamari ya kai kilomita 4 daga kwata. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mai yake cinye rabin abin da muka kamo, shi ya sa nake tunanin injin nan mai aiki da batir. Na ga masu lamba 30, 40, 55, har da 86. Wanne ya dace da ni? Wane batir zan haɗa masa, kuma awa nawa zai yi? Zai iya haura ruwa lokacin da kogi ya kawo? Ina da faranti ɗaya na sola mai wat 200 a gida. Allah ya saka da alheri.

Makanikin injin jirgi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin lamba, ka fara sanin abin da za ka saya. Wannan injin an ƙera shi ne don tafiya a hankali ba tare da ƙara ba, yadda mai su zai lallaɓa kusa da kifi, ya bi layin ragarsa, ya tsayar da jirgi iska ba ta janye shi ba. Kamfanin Minn Kota na Amurka ya fara yin sa tun 1934, kuma har yau aikinsa ke nan. Mai lamba 55 yana cin wat 600 ko kusa da haka, wato bai cika ƙarfin doki ɗaya ba. Kada wani mai shago ya ce maka zai maye gurbin injin fetur mai doki 8 ko 15. Ba zai yi ba.

Lambar da kake gani ƙarfin turawa ce, ana auna ta da fam, shi ne "lb" da ke rubuce a jikinsa. Ƙa'idar masu ƙera shi: fam 2 ga kowane kilo 45 na nauyin jirgi da duk abin da ke ciki. Mu lissafa naka. A ce katakon da ya sha ruwa kilo 250, ku biyu 140, jiƙaƙƙiyar raga da tarkace 60, batir 30, kifi 70 idan Allah ya ba da sa'a. Jimilla 550. A takarda fam 24 ko 25 ya isa. Amma wannan lissafin na kwantaccen ruwa ne mara iska. A kogin Neja da bakin tafkin Kainji sai ka ninka shi biyu. Saboda haka 55 nake ba ka shawara, mai 12V. Mai 30 na ƙaramin jirgin mutum ɗaya ne a fadama ko tafki.

Mai 86 da ka gani na 24V ne, batir biyu yake so a haɗa a jere. Idan ka ga an rubuta 80 ko 86 sannan aka ce batir ɗaya mai 12V zai ja shi, lambar ƙarya ce, ka ajiye musu abinsu.

Abin da mutane ba su fahimta ba shi ne ƙarin lamba ba ƙarin gudu ba ne sosai. Farfelar waɗannan injuna an yi ta don ja, iyakar gudunta ba ya wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa ko da a jirgi mara nauyi. Naka da kaya, ka sa ran 5. To idan ruwa yana gangarowa da kilomita 3 a awa, haurawarka 2 ce kawai, kuma a cikakkiyar wuta. Kilomita 4 ta zama awa biyu, batir kuwa ba zai kai ba. Daga Agusta zuwa Oktoba, idan kogi ya cika, ka bi gefe inda ruwa ba shi da ƙarfi, ko ka koma wa injin fetur. Ka tuna kuma Neja tana sake kawo ruwa karo na biyu a lokacin sanyi, ruwan da ya taso daga can ƙasashen sama.

Mai haɗa sola, daga Birnin Kebbi

Oga ya gama magana a kan inji. Ni batir zan yi wa bayani, domin a nan kuɗinka zai tafi, kuma a nan mafi yawan mutane suke yin asara.

Batirin mota ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, farantansa na ciki sirara ne. Idan ana zuƙe shi kullum, cikin 'yan watanni zai daina riƙe caji. Kana buƙatar irin na sola, mai jure a zuƙe a sake cikawa.

Batir mai dalma 100Ah (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir yake ajiyewa) nauyinsa kusan kilo 30. Rabinsa kaɗai ake ci idan ana son ya daɗe, wato 50Ah. Inji mai 55 a cikakken gudu yana jan amp 50, ka ga awa ɗaya ke nan, a zahiri ma ba ta cika, saboda batirin dalma idan aka ja shi da ƙarfi yana ba da ƙasa da abin da aka rubuta. A matsakaicin gudu, amp 20 zuwa 25, za ka samu awa biyu zuwa biyu da rabi. Zuwa da dawowarka kilomita 8 ne, a matsakaicin gudu awa biyu da 'yan kai. Wato ka cinye rabonka a hanya kawai, ba ka taɓa aikin raga ba.

Litiyom, nau'in da aka rubuta LiFePO4, mai 100Ah, nauyinsa kilo 11 zuwa 13, kuma za ka iya cin 90Ah a ciki. A amp 20 awa huɗu da rabi ke nan. Ya fi tsada a ranar saye, amma yana ɗaukar caji sau dubbai, na dalma kuwa ɗaruruwa. Ga wanda zai riƙa sauke batir daga kwata zuwa gida kullum, bambancin kilo 12 da kilo 30 ma abin dubawa ne. Ka tabbata na'urar kariyar da ke cikinsa, BMS, ta kai amp 100. Akwai ƙananan da aka yi wa fitilu da fanka, masu amp 30 ko 50, da zarar ka murɗa wuta sai su yanke, ka tsaya cak a tsakiyar ruwa.

Tubula mai 200Ah ko 220Ah da ake sa wa inbata kada ka saka shi a kwalekwale. Ya haura kilo 60, dogo ne, ruwan asid ne a ciki, jirgi na karkata zai zubo a kan raga da kifi da ƙafafunku.

Caji kuma: faranti mai wat 200, a ranar Kebbi, ka lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi, ka cire asarar zafi da ƙura, zai ba ka kusan wat-awa 700 a yini. Rabin batirin dalma wat-awa 600 ne, zai cika. Litiyom da aka zuƙe sosai yana son sama da 1,000, sai ka ƙara faranti na biyu. Da guda ɗaya kwantirola MPPT, wato na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir, mai amp 20 ta isa, da guda biyu ka nemi mai amp 30 ko 40. Kada ka jona faranti kai tsaye da batir. A saita kwantirola kan litiyom, 14.2V zuwa 14.6V. Lokacin hunturu ka riƙa goge farantin kowace safiya. Batirin dalma kuma ranar da aka ci shi ranar ake cika shi, idan ya kwana biyu a zuƙe farantansa suna kama gishiri, ƙarfinsa ya ragu har abada.

Makanikin injin jirgi

Ƙari a kan maganar Malam. Akwai inji iri biyu ta wajen gudu. Mai giya 5 gaba 3 baya, da mai murɗawa sannu a hankali babu tsalle. Mai giya, idan ka rage gudu, wani ɓangare na wutar yana ƙonewa a banza ya zama zafi a cikin wayoyin da aka naɗa don rage ta. Mai murɗawa na'ura ce take yanka wutar gwargwadon buƙata, don haka a ƙaramin gudu yana cin amp 8 ko 10 kawai. Ga mai bin raga a hankali, wannan shi ne ya fi. Laifinsa ɗaya: idan allon lantarkinsa ya ƙone, samunsa a nan sai an yi oda, alhali makunnin mai giya kowane mai gyaran lantarki zai iya taɓa shi. Duk da haka ni mai murɗawa zan ce ka ɗauka, tunda batir ne ƙarancinka.

Idan litiyom ka haɗa, kada ka riƙe wuta a ƙarshe na dogon lokaci. Ƙarfinsa ba ya sauka kamar na dalma, motar injin, wadda ke juya farfela, tana ɗaukar zafi. Minn Kota da kansu sun ce kada a daɗe sama da kashi 85 cikin 100.

Kafintan jirgi, daga Ngaski

Ranka ya daɗe, ba a taɓo wurin ɗaurawa ba. Injin yana zuwa da maƙalai biyu masu murɗawa, an yi su don jirgi mai yankakken baya. Naka mai tsini ne, babu inda za su kama. Mafita ita ce a gicciya katako mai ƙarfi, kauri inci 2 faɗi inci 6, a kan gefen jirgi biyu kusa da inda matuƙi yake zama, ya leƙo waje da santimita 25 zuwa 30. A bakin da ya leƙo a kafa wani guntu a tsaye, shi maƙalan za su cije. A ɗaure da noti da washa, ƙusa tana sassautawa da girgiza. Batir ya zauna a ɗaya gefen, ko tsakiya, don jirgi ya daidaita. Da yake turawar daga gefe take, jirgi zai riƙa ɗan karkata hanya, ka saba da riƙe hannun tuƙi a ɗan kaikaice.

Tsawon sandar injin: ka loda jirgi kamar za ka fita, ka auna daga saman katakon zuwa fuskar ruwa, ka ƙara santimita 50. Ana son motar ta nutse kusan santimita 30. Idan awon, kafin ka ƙara 50 ɗin, bai wuce santimita 25 ba, sanda mai inci 30 ta yi. Tsakanin 25 da 40, mai inci 36. Gara ta yi tsawo, akwai zoben da ake ɗaga ta da shi. Idan ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska tana fantsama ruwa, ƙarar ta kori kifin da ka sayi injin don shi. Ka ɗaure injin da igiya a jikin jirgi, maƙalai suna kwancewa.

Dattijo, tsohon masunci

Yaro, duk sun faɗa maka gaskiya. Abin da zan ƙara na ruwa ne. Tun da aka tare Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya cinye suna nan, kututturansu a ƙasa, idan ruwa ya janye suna dab da fuska. Inda ka san akwai su, rage wuta, ka sassauta makullin ɗagawa yadda za ka iya cire injin da sauri. Kainuwa da burgu suna naɗe farfela. Da ka ji jirgi ya yi nauyi inji yana gurnani, kashe, ɗaga, cire ciyawar. Idan ka ci gaba da matsa wuta, mota ce za ta ƙone.

Ka fita da safe kana haurawa, batir na cike, ka dawo kana gangarawa. Filafili biyu da gora kada su bar jirgi. Ku sa rigar kariya ku biyun, mutanen Warra ba su manta da hatsarin jirgin ruwa na Mayun 2021 ba. Hadari ya taso kuwa, nufi gaɓa tun kafin iska ta iso, wannan injin ba ya faɗa da igiyar ruwa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malamai. Na tsaya a kan 55 mai murɗawa da litiyom 100Ah. Saura abu biyu. Wayar da ta zo da shi gajera ce, ina son batir ya zauna a tsakiya, kusan mita 3. Wace waya zan ƙara? Sannan me ya fi kashe irin wannan injin?

Mai haɗa sola

A mita 3 ka sa wayar tagulla mai kauri mil 10, idan ka samu mil 16 ya fi. Wutar tana zuwa ta dawo, mita 6 ke nan. A amp 50, mil 10 tana zubar da kusan rabin bolt, mil 4 kuwa 1.3V, ta yi zafi, inji ya yi sanyi. Ka kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka biya, idan cikin ya fito fari alminiyom ne aka shafa wa tagulla. Ka sa bireka ta DC mai amp 60 a wayar ja, dab da kan batir. Bakunan waya a matse su da zobe a ɗaure da noti, a shafa giris, banda maƙalin nan mai baki kamar na kada. Batir ya shiga akwatin roba mai murfi, a ɗaga shi a kan katako sama da ruwan da ke taruwa a cikin jirgi, a kare shi daga rana, musamman Maris da Afrilu. Litiyom ba ya nuna alamar gajiya kafin ya yanke, don haka ka sayi mita mai ƙirga amp ɗin da ya fita, ko batir mai nuna kaso a wayar hannu.

Makanikin injin jirgi

Zaren raga ne yake kashe shi. Yana naɗewa a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya ci robar da ke hana ruwa shiga, ruwa ya isa ga buroshi da boris, su yi tsatsa. Duk mako ka cire wayar batir, ka kwance notin farfela, ka zare ta, ka tsince zaren. Za ka ga ɗan ƙaramin fin da ya ratsa sandar, shi ke juya farfela. Idan ta bugi kututture yana lanƙwashewa ko ya karye, sai ka ji mota tana juyawa jirgi ba ya motsi. Ranar da za ka sayi injin ka haɗa da farfela ɗaya ta ajiya, fin uku, noti da washa, ka zuba su a leda tare da sifana ka ajiye a jirgi. Idan mai sayarwa ya ce ba shi da farfelar wannan samfurin, ka nemi wani samfurin da ake samun kayansa.