Masu bantam a gida, ya ƙyanƙyasarku ta farko ta kasance?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Dan Allah wanda ya taɓa ƙyanƙyasar bantam, wato ƙananan kajin nan, a gida ya faɗa min yadda tashi ta kasance, ni dai tawa ta farko ta ɓata min rai sosai. Bayan ƙaramar sallah na sayo zakara ɗaya da mata biyu, ƙananan nan masu gashi har ƙafa, ɗaya ta fara ƙwai ina tarawa ina tarawa har ta shiga kwanci na zuba mata guda 13 a tsohuwar kwalla bayan kicin. Ranar kwana 20 da asuba na ji kukan 'yan tsaki, na ɗaga ta na ga huɗu, na ƙyale ta har kwana 24 ba ƙari. Sauran taran da na fasa wasu baragurbi ne, wasu kuma ɗan tsakon ya haɗu har da gashi amma ya mutu a ciki. Cikin huɗun ma ɗaya a murfin robar ruwansu na same shi ya mutu, ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. 'Yata wuni tayi tana kuka. Yanzu ɗayar ma ta fara daɗewa a gurbi kuma bana so a sake haka.

Uwargida daga Pantami:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri ƙanina. Ƙwan ne yayi mata yawa. Nima haka nayi farko, na ɗauka kamar kazar Hausa ce da zaka jibga mata sha biyu ta rufe, ita kuwa wannan ko kilo ɗaya bata kai ba, fikafikan nata nawa suke? Kuma kaza juya ƙwai take da baki, wanda ya kwana a tsakiya yau gobe shi ne a gefe yana shan sanyi, kaga duka sai su taɓu ba na gefen kaɗai ba. Ni yanzu bakwai nake sa wa tawa, in ta zauna na tsuguna na leƙa, in na hango farin ƙwai ko ɗaya ta gefen gashinta to na cire shi. Tun da na koma haka biyar, shida nake samu.

Malamin makaranta, Kumo:
Gaskiyar Hajiya. Sai in ƙara da maganar tarawar da kace kayi, kwana nawa ƙwan farko yayi kafin ta hau? In ya wuce kwana goma ƙarfinsa ya ragu, balle a zafin watan uku da huɗu da ɗaki ke zama kamar tanda. Ni da fensir nake rubuta kwanan wata a jikin kowanne, in jera su a kiret tsinin yana ƙasa, in ajiye gindin randa inda akwai sanyi, wanda ya haura sati ɗaya yara su soya. Sannan ka riƙa haskawa. Daren kwana 7 ko 8 ka shiga ɗaki mai duhu ka ɗora ƙwan kan tocin waya, mai rai zaka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo da ɗan ɗigo baƙi yana motsi, wanda ba komai kuma fayau zaka ganshi. Ranar da na fara ganin motsin nan sai da na tashi maiɗakina daga barci ta zo ta gani.

Ɗan Bolari:
Malam na farkon ya kusa sati uku gaskiya. Allah ya saka.

Mai shagon waya, Jekadafari:
Ni ta inji na bi, inkubeta ƙarama ta ƙwai 24 mai amfani da batir, dan dai in samu da yawa lokaci ɗaya. Zubin farko na saita zafin a digiri 37.5 komai lafiya har kwana 12, daren nan wuta ta ɗauke batirin kuma ashe ya gaji, da safe na taɓa ƙwan sanyi ƙalau, biyu kawai suka fito daga baya su ma da ƙyar. Na haɗa sola da sabon batir na sake zubawa, sai kuma hunturu ya bani matsala, iska ta bushe ƙayau danshin cikin injin ya faɗi, ɗan tsako ya huda ɓawo amma fatar nan ta ciki ta bushe ta manne masa kamar leda ya kasa juyawa, ina kallo ta gilashi. Abinda na koya shi ne kwana ukun ƙarshe danshi ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, ina ƙara soso jiƙaƙƙe a ciki, kuma a daina buɗe murfi ana leƙe. Wani abu kuma, ƙwan bantam yakan riga na manyan kaji, nawa tun kwana 19 suke fara hudawa, dan haka a kwana 16 nake tsayar da juya ƙwan ba 18 ba. Amma tsakani da Allah in kana da kaza mai kwanci ka bar mata, injin na sai da na yi asara sau biyu kafin na gane kansa.

Uwargida daga Pantami:
Ai shi yasa nake riƙe da silki guda biyu, masu gashi kamar auduga ɗin nan, fatarsu baƙa yatsu biyar. Basa gajiya da kwanci, har ƙwan zabi na taɓa sa wa ɗaya guda huɗu ta zauna sati huɗu cur ta fitar da uku. Sai dai a kula, wata in ta zauna mantawa take da ci, ni nake ɗaga ta kullum da hantsi ta ci ta sha tayi birgima a toka ta koma. Tokar nan kar a raina ta, ƙuma in ta kama kaza a gurbi tashi take ta bar ƙwan.

Baba mai ritaya, Tudun Wada:
Yarona maganar ruwan ce ta taɓa ni dan nima na rasa uku haka a yini ɗaya. Ɗan tsakon bantam bai fi babban yatsanka ba, in ya jiƙe sanyi ne ke kashe shi ko bai nutse ba. Ka samo tsakuwa ka wanke ka cika murfin da ita, ruwan ya tsaya a tsakankaninsu, su sa baki kawai. Abinci kuma kar ka damu ranar farko, da guzurin gwaiduwa suke fitowa. Daga nan ka basu abincin 'yan tsaki na buhu amma ka ɗan daka shi a turmi dan bakinsu ƙarami ne, ni ina haɗa musu da dafaffen ƙwai da garin zogale kaɗan, in sun yi sati biyu jikokina su tono musu gara. Kuma kar ka sake su tsakar gida da wuri. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to wannan uwar ita kanta shaho zai iya ɗauka. Nawa a akurki mai ragar waya ƙanana suke wata biyu, ragar mai manyan ido ta ciki suke zurarewa, ɓera ma ta nan yake shiga.

Ma'aikaciyar jinya, Tumfure:
Ba wanda yayi maganar rigakafi kuma ni nan ne na sha wuya. Na raini goma sha ɗaya har sun yi wata uku gwanin sha'awa, sai aka kawo mana zakara kyauta daga ƙauye lokacin sanyi na sake shi cikinsu a ranar. Kwana biyar suka fara zawo kore, suna tsayawa fikafikai a ƙasa, wasu wuya ya murɗe suna kallon sama, likitan dabbobi yace Niyukasil ce kuma bata da magani in ta shiga. Biyu suka rage min. Yanzu Lasota, wato rigakafin Niyukasil, da rigakafin cutar Gumboro bana wasa dasu, likitan ne ya rubuta min ranakun na manna a ƙofar akurki, kuma akwai I-2, ita ma rigakafin Niyukasil ce da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ake ɗigawa a ido, ta fi jure zafi. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce kuma in an haɗa bata kwana, sai mu haɗu da maƙwabta mu raba a sa'a ɗaya. Duk kazar da ta shigo gidana sabuwa kuma sati biyu take yi ita kaɗai a keji.

Malamin makaranta, Kumo:
Allah ya mayar miki Anti. Ɗan Bolari in kana da babban zakara a gidan ka raba su, yana ji wa matan ciwo a baya kuma irin zai gauraye. Masu gashin ƙafa kuma damina na zuwa, ka zuba musu buntun shinkafa a ƙasa kar laka ta dunƙule musu a yatsu.

Ɗan Bolari:
Na gode ƙwarai iyaye da yayye, Allah ya bar zumunci. Jiya da magariba na sa wa ta biyun ƙwai bakwai, duka na cikin satin nan ne na rubuta musu kwanan wata, na leƙa ta kowane gefe ban hango ko ɗaya ba. Baba na wanke tsakuwar na zuba wa ukun nan, 'yata ce ma ta tsinto tsakuwar. Anti in zaku haɗa Lasota dan Allah ki sanar dani in zo da kulata. Daren Laraba mai zuwa ne kwana takwas, zan haska in dawo in faɗa muku nawa ne masu jijiya.