Albam ɗin rok mai waƙa goma: da me ake farawa, kuma a ina aiki ya fi lalacewa?

Sabon_Makaɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum masana. Ƙungiya ce ta mutum huɗu, mai ganguna, mai jitar bes, mai jita da mawaƙi. Waƙoƙi goma suna nan a rubuce, tsakanin rok da fof, ana so su zama albam ɗaya. Kuɗin hayar situdiyo ba shi da yawa. Me ake fara ɗauka, me ke biyo baya? Kuma bayan an gama, ta yaya ake fitar da shi ba tare da an yi asarar wahala ba? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Injiniyan_Sauti ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko, kada ku biya hayar situdiyo tukuna. Ku ɗauki waƙoƙin goma a ɗakin atisaye, ko da wayar hannu ce, ku zauna ku saurara da takarda da biro. Abu uku ake yankewa a nan: gudun kowace waƙa, wato bugu nawa a minti, da tsayin muryar da ta dace da maƙogwaron mawaƙi, da tsarin waƙar, baiti nawa kafin amshi, ina jita za ta yi kiɗanta ita kaɗai. Na tsakiyan nan shi ne ya fi jawo kuka daga baya. Idan aka gama ɗaukar jita da bes sannan aka gano mawaƙi ba ya iya kai wa saman amshi, sai dai a sake ɗaukar duk abin da ke da tsirkiya. Ƙungiyar Beatles ta ɗauki waƙoƙi goma na albam ɗinta na farko a yini guda, ranar 11 ga Fabrairu 1963, amma fa waƙoƙi ne da suka daɗe suna bugawa a gaban jama'a. Abin da atisaye ke saya muku ke nan.

Ranar shiga, ganguna ake fara ɗauka, domin su ne suka fi buƙatar ɗaki mai kyau da makirufo da yawa. Sauran mutum ukun su buga tare da mai ganga ta hedifon don ya ji waƙar, amma nasu na wucin gadi ne. A sa sababbin fatu kwana ɗaya ko biyu kafin ranar don su zauna, a ɗaure su da kyau. Makirufo takwas sun isa: ɗaya a gangar ƙafa, ɗaya saman siniya, wato ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙarƙashinta (Shure SM57 aka fi sa wa), ɗaya ƙarƙashinta, biyu ko uku a sauran gangunan, biyu a sama don farantan ƙarfe. Idan akwai saura, a ajiye ɗaya can nesa ya kwaso amon ɗakin.

Ga inda ake faɗawa rami. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan makirufon sama na dama ya fi na hagu nisa da siniya, bugu ɗaya zai iso musu a lokaci daban, in aka haɗa su sai wani ɓangaren sautin ya kashe wani, siniya ta fito siririya ba ƙiba. Maganinsa igiya ko tef ɗin awo: a auna daga tsakiyar siniya zuwa kowane ɗayansu, nisan ya zama daidai. Makirufon ƙarƙashin siniya kuwa, a juya masa fuskar sigina da maɓallin da ke kan na'ura, saboda lokacin da fata ke nisantar na sama, kusantar na ƙasa take yi.

Ku saita ingancin ɗauka a kwamfuta a kan bit 24 da 48 kHz. Kada a cika mita. Matsakaicin ƙarfi ya zauna wajen -18 dBFS (ma'aunin mita ne, sifili ne ƙarshensa na sama), bugu mafi ƙarfi kada ya wuce -6. Abin da ya taɓa sifili ya fashe, ba ya gyaruwa.

Bayan ganguna sai bes. A ɗauke ta kai tsaye ta akwatin DI, mai kai siginarta na'urar ɗauka ba tare da ta bi ta amfilifaya ba, ko da an sa makirufo a gaban amfilifayarta. Haka ma jita: a raba sigina, ɗaya ya tafi amfilifaya, ɗaya a adana shi tsurarsa. Idan daga baya aka ga amon amfilifayar bai zauna cikin waƙar ba, sai a sake tura tsurar ta wata amfilifaya ba tare da an kira makaɗi ba. Jitar rakiya sau biyu ake buga ta, a tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafa ɗaya ka manna ba ya ba da wannan faɗin, domin ɗan bambancin hannu tsakanin bugun biyu shi ne faɗin. Sababbin tsirkiyoyi, kuma a duba saiti kafin kowace ɗauka, da na'urar saiti guda ɗaya ga kowa.

Murya ce ƙarshe, amma kada a tara ta duka a ranar ƙarshe. Maƙogwaro ba jita ba ne, bayan awa uku ko huɗu ya gaji, kuma ana ji. Waƙa biyu a rana, a tsakanin ɗaukar jita. Mawaƙi ya tsaya santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, da rariyar tare iska a tsakani. A ɗauki kowace waƙa sau huɗu zuwa shida, a tsinci mafi kyawun layi daga kowacce a ɗinke. A rage bafa ta kwamfuta, wato yawan sautin da take tarawa kafin ta fitar, zuwa 128 ko ƙasa, wanda a 48 kHz bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. In ta yi yawa, mawaƙi yana jin muryarsa a makare, sai ya riƙa jan ƙafa ba tare da ya san dalili ba. Kuma duk wannan a kan kilik, wato ɗan bugun da ake ji a hedifon mai riƙe gudu.

Mai_Tace_Sauti ya amsa:

Malam Injiniya ya yi bayani, sai dai ban yarda da maganar kilik ga kowace waƙa ba. Waƙar fof mai kiɗan kwamfuta a ciki, dole ne. Amma rok da ake so amshi ya ɗan zabura, kilik yana daƙile shi. Tsaka-tsakin shi ne a tsara kilik ɗin ya ƙaru da bugu biyu ko uku a amshi ya dawo a baiti. Mai gangar da bai saba da shi ba kuwa, ranar ɗauka ba ranar koyo ba ce.

Kan haɗa sauti, wato miksin. Kafin a miƙa wa mai miksin, a gama duk gyare-gyare: daidaita bugun da ya kauce, gyaran murya da Melodyne ko Auto-Tune in za a yi, share hayaniyar da ke tsakanin layuka. A nan hannu ya yi sauƙi. In aka ja kowane bugu aka ɗora shi kan layin kwamfuta, an yi gyaran gangar Auzinawa, kiɗan ya daidaita amma rai ya fita. A fitar da ɗaukar kowane kayan kiɗa da murya daban-daban a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, duka su fara daga wuri ɗaya, farkon waƙa, ko da kayan kiɗan ba ya shigowa sai minti na uku. A sa musu suna mai ma'ana, a rubuta gudun waƙar. A haɗa da waƙoƙi biyu ko uku na wasu da kuke son amonku ya kusanta, domin "a sa ta yi nauyi" kowa da yadda yake fahimtarsa.

Rikicin da ya fi yawa a miksin na rok yana ƙasa ne, tsakanin gangar ƙafa da bes, su biyun suna zaune wajen 50 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri da kaifin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri). Sai an zaɓi wanda zai riƙe can ƙasa, ɗayan a rage masa. Jita da murya su ma suna karo wajen 2 zuwa 4 kHz, shi ya sa ƙara wa murya ƙarfi ba ya fito da ita, rage wa jita a wurin ne ke fito da ita. Amsa-kuwwa kaɗan. A saurari sakamakon a lasifika ɗaya tilo, a wayar hannu, a mota. Abin da ya ɓace a lasifika ɗaya, matsalar kashe juna ce da aka ambata a sama.

Gyara bayan an ji miksin, yawanci zagaye biyu ko uku ne cikin kuɗin da aka yi ciniki. Mutum ɗaya ya tattara ra'ayin kowa ya aika, da minti da daƙiƙa. In kowa ya aika nasa, mai bes zai ce a ƙara bes, mai jita ya ce a ƙara jita, a dawo inda aka fara da ƙarin ƙara kawai.

Mastarin shi ne matakin da ke mai da waƙoƙi goma albam. A miƙa miksin ba limita a kansa, wato abin da ke matse sauti don ya ƙara ƙarfi, da sarari kamar dB 3 zuwa 6 a sama. Mai mastarin zai daidaita ƙarfi da launin sauti tsakanin waƙoƙi, ya jera su, ya sa tazarar da ke tsakaninsu. Game da ƙarfi: Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa -14 LUFS, ma'aunin ƙarfin waƙa gaba ɗayanta, don haka wanda ya matse tasa har -7, manhajar za ta sauke ta, ya rasa bugun ganga bai sami ƙarar ba. Albam ɗin ƙungiyar Metallica na 2008 ya sha suka daga masoyansu kan irin wannan matsi. Ba ina cewa lallai ku tsaya a -14 ba, yawancin rok da fof na kasuwa sun fi haka ƙarfi. Ku dai bar ƙololuwa, wato bugu mafi ƙarfi, a -1 dBTP, ko -2 in kun matse sosai, saboda mayar da fayil zuwa nau'in da ake saurare ta intanet yana ɗan ɗaga ta. In za a buga CD, bit 16 ne da 44.1 kHz, kuma fayil ɗin DDP, mai ɗauke da albam ɗin a jere, masana'anta ke karɓa. Ku nemi a fitar muku da kowace waƙa ba murya tun yanzu, masu talla da masu fim ita suke nema.

Uwar_Takardu ta amsa:

Ƙanena, waɗannan biyun sun gaya maka yadda ake yin sauti. Ni takarda zan yi maka magana, don ita ce ke raba ƙungiya.

Kowace waƙa haƙƙin mallaka biyu gare ta. Akwai na rubutu da kari, na waɗanda suka ƙirƙire ta. Akwai na ɗaukar da aka yi, na wanda ya biya kuɗin situdiyo, ko ku ko kamfani. Kafin a fita daga situdiyo, kowace waƙa a rubuta mata takardar kaso: wane ne ya rubuta, kashi nawa cikin ɗari, kowa ya sa hannu. Furodusa ma a rubuta nasa, kuɗin hannu ne kaɗai ko da kaso. A yarjejeniyar manyan kamfanoni yakan sami kashi 3 zuwa 5. In wani kamfani ya ba ku kafin-alƙalami, ku sani ba kyauta ba ce, daga kasonku za a cire har ya fita kafin ku ga ko sisi. Marubuta su yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙi ta ƙasarsu, irin ASCAP da BMI a Amurka, PRS a Birtaniya, SACEM a Faransa. Kamfanin rarrabawa ba ya karɓo muku wannan kuɗin sai in kun shiga wani tsarin daban. In kun yanko ɗan guntun kiɗan wani, izini biyu kuke nema, na mai rubutu da na mai ɗauka, kuma kafin fitarwa.

Lambobin shaida: kowace waƙa tana da tata, ISRC, mai harafi da lamba 12, albam ɗin gaba ɗaya yana da tasa, UPC. Kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore da CD Baby suna bayarwa. Hoton bango fiksel 3000 sau 3000, kada a sa adireshin intanet ko farashi a kai, za a dawo da shi. Sunan ƙungiya a rubuta shi iri ɗaya ko'ina, harafi ɗaya ya bambanta sai waƙarku ta faɗa shafin wani.

Ranar fitarwa Juma'a ce a duniya tun Yulin 2015. Daga ita ake lissafi a koma baya. A ɗora albam wa kamfanin rarrabawa mako huɗu kafin ranar, shida ya fi. Spotify yana so a gabatar wa editocinsa, masu zaɓen waƙoƙin da ke shiga jerin saurarensa, waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fito, waƙa ɗaya tak, wadda ba ta riga ta fita ba. Saboda haka ake sakin waƙa biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya, tazarar mako huɗu zuwa shida, kowacce da damar gabatarwarta, sannan albam. Idan waƙar da ta riga ta fita za ta shiga albam, a yi amfani da fayil da ISRC ɗin da ta fita da su tun farko, don adadin saurarenta ya biyo ta. Sauraro ba ya shiga lissafi sai ya kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan kuɗin ɗauka a kanta. Mai cewa zai sayar muku da sauraro, ku guje shi, in aka gano ana iya sauke albam ɗin.

Sabon_Makaɗi ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Saura ɗaya: in ana son faifan garmaho, mastarin ɗin nan ne za a aika?

Mai_Tace_Sauti ya amsa:

A'a, nasa daban ake yi, ba matsin limita. Faifan inci 12 mai juyi 33 da sulusi a minti yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 22 a kowace fuska. In aka wuce, dole a rage ƙarfi da bes don layukan da allura ke bi su shiga. Waƙa goma masu minti huɗu-huɗu sun yi daidai, biyar a kowace fuska. Bes da ke ƙasa da kusan 150 Hz a tattara shi tsakiya, in ya bazu hagu da dama allura tana iya tsalle. Harafin "s" mai kaifi a murya a lallashe shi, yana fashewa a faifai. Waƙoƙi masu ƙarfi a sa su farkon fuska, masu sanyi a ƙarshe, domin kusa da tsakiya allura tana bin ɗan gajeren layi a kowane juyi, sautin sama yana dusashewa. Wannan yana iya canza jerin waƙoƙinku, don haka ku yanke shawara kafin a yi mastarin.

Masana'anta za ta aiko da faifan gwaji. A saurare shi fuska biyu daga farko zuwa ƙarshe, a kan garmaho fiye da ɗaya, kafin a sa hannu. Layin bugawa yakan ɗauki watanni, saboda haka ku tambayi masana'antar tsawon jiranta kafin ku sanar da ranar Juma'ar.