Yadda murya da data suke raba hanya a kan eriya ɗaya

Ɗalibin Lantarki:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. A inda jama'a suka cika, kamar filin idi, sau da yawa kira yakan shiga lafiya alhali data ta tsaya cak. Wace ƙa'ida eriya take bi wajen raba hanya tsakanin masu kira da masu hawa intanet?

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Asalin lamarin shi ne murya ba ta jure jinkiri, data kuwa tana iya jira. A tsarin GSM, wato 2G, kowane zangon rediyo mai faɗin kilohaz 200 ana kasa lokacinsa gida takwas, zagayen yana maimaituwa duk bayan milisakan 4.6. Mai kira ana keɓe masa gidansa har ya kashe wayar, ko da shiru ya yi. GPRS da EDGE kuwa, wato hanyoyin data na 2G, galibi gidajen da suka rage suke samu, saboda haka idan masu kira suka yawaita, sai a karɓe gidajen daga hannun data a ba su.

Malamar Sadarwa:
Bayanin Injiniya daidai ne a kan 2G, amma a 4G babu wanda ake keɓe wa gida na dindindin. Murya da data duka ƙunshi-ƙunshi ake aika su, eriya kuma tana sabunta rabon duk bayan milisakan ɗaya. Kiran VoLTE, wato kiran murya ta kan 4G, yana da alamar fifiko da ke sa a tura ƙunshinsa kafin na bidiyo, wanda a ganina ya fi adalci, domin lokacin da mai magana ya yi shiru ba ya tafiya a banza. Wayar da ba ta da VoLTE kuwa sauka take yi zuwa 3G ko 2G idan kira ya shigo, shi ya sa intanet ke raguwa a lokacin.

Injiniya Mai Ritaya:
Haka ne, Malama. Sai dai kafin a kai ga rabon, dole waya ta nemi izini ta wata ƙofa da kowa ke bugawa ba tare da layi ba. Dabarar ta samo asali daga ALOHA, wata hanyar haɗa kwamfutoci ta rediyo wadda aka fara aiki da ita a Jami'ar Hawaii a 1971. Idan saƙonni biyu suka yi karo, kowanne yakan ɗan dakata ya sake gwadawa, kuma ko nau'inta mai tsararren lokaci bai wuce cin kashi 37 cikin ɗari na hanyar ba. A cunkoso mai tsanani, tun a wannan ƙofa kiran ma yake maƙalewa.