Kasafina na Hijiriyya, banki na Miladiyya: yaya zan haɗa su?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe da lissafin shagon dabino da turare na yayana a Jidda, kuma a Excel nake komai.

Kasafin shekara da watannin Hijiriyya muka tsara shi, don cinikinmu a Ramadan da Zulhajji yake. Amma bayanan banki da na na'urar biyan kuɗi da kati ta Mada da watannin Miladiyya suke fitowa. Ramadan na 2025 ya zauna daidai cikin Maris, lissafi ya tafi sumul. Na 2026 kuwa ya rabu tsakanin Fabrairu da Maris, sai shafin bambanci tsakanin kasafi da ainihin ciniki ya nuna riba mai yawa a wata ɗaya, ja wur (wato giɓi) a na gaba, alhali kasuwa ba ta canza ba.

Na gwada SUMIFS (dabarar Excel ta tara jimla bisa sharaɗi) da ranakun farko da ƙarshen kowane wata bisa kalandar Ummul Ƙura (kalandar Hijiriyya ta Saudiyya). Ciniki ya daidaita, amma albashi da kuɗin wuta suka rikice, tunda su da Miladiyya ake biya.

Shin raba kasafin zan yi kwana-kwana, ko akwai manhajar da ke ɗaukar kalanda biyu? Sannan harajin VAT na kashi 15 da ake ɗorawa kan ciniki, a cire shi kafin kwatantawa ko a bari? Yayana yana jiran rahoto kafin mu yi odar dabino daga Madina. Allah ya saka da alheri.