Don Allah a taimaka, GAPDH ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a nan Bauchi, aikina kan ƙarin ƙwaƙwalwa ne, glioblastoma. Da ma kansar mama na so yi, malamina ya canza min. Kuɗin sinadarai kuma daga aljihun maigidana suke fita, sai an yi oda daga Legas, ga yara, ga lokacin kare aiki ya matso. Na yi qPCR (gwajin auna yawan aikin ƙwayoyin halitta) da ƙwayar halittar GAPDH a matsayin ma'auni, wato wadda ake gwada sauran da ita don bai kamata ta canza ba, amma Ct ɗinsa (adadin zagayen da injin ke yi kafin ya gano shi) a samfuran ƙari ya sha bamban da na lafiyayyen nama. In koma wani ma'aunin, ACTB?

Wani Dakta: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye GAPDH ɗin kawai. Cikin ƙarin nan oksijin ba ya isa, ga shi da cin sukari, GAPDH kuwa aikinsa ke nan sarrafa sukari, dole yawansa ya ƙaru. ACTB ma ban yarda da shi ba, yana kan kuromosom na 7, wanda glioblastoma ya saba ƙara yawan kwafinsa. Ɗauki ƙwayoyin halittar TBP da HPRT1 a matsayin ma'auni. Wani bincike da aka yi a Burazil a 2009 su ya samu sun fi tsayuwa. Magana ta ƙare.

'Yar Gombe: Hmm, ke kin ma kai ga Ct. Mu nan wuta aka ɗauke, firiza ta narke, RNA ɗina (abin da ake cirowa daga samfur don gwajin) ya lalace, ko sannu ba wanda ya ce min. Kin duba ingancin naki?

Wani Malam: Dakta, a yi haƙuri, ba ta ƙare ba. Samfuran Burazil ba nata ba ne. Ta gwada ƙwayoyin halitta da yawa, ta saka sakamakon a manhajar geNorm ko NormFinder, su nuna mata waɗanda suka fi tsayuwa. Ƙa'idojin aikin qPCR na MIQE na 2009 ma ba su yarda da ma'auni ɗaya ba sai da hujja.

Wani ɗalibi: Ni RNA ɗin 18S nake sawa a matsayin ma'auni, lafiya lau.

Wani Dakta: In da oligo-dT (firaima mai kama wutsiyar RNA) ta haɗa cDNA, wato kwafin DNA da ake yi daga RNA, 18S ba shi da wutsiyar da zai kama. Bar wannan.

Mai tambaya: Na gode, amma malamina ya ce kowa da GAPDH yake aiki, kuma firaimomin GAPDH (sinadaran da ke kamo shi a gwajin) sun riga sun iso. Da wane ido zan sake tunkarar maigida?

Wani Malam: Hajiya, lafiyayyen naman nan daga ina kika samo shi? In gefen ƙarin aka yanko, ai ba lafiyayye ba ne.

Mai tambaya: Zan tambaya. To in na haɗa GAPDH da ACTB fa?