Global Entry ko PreCheck, wanne zan yi kafin tafiya gida?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema, in sha Allahu da dogon hutun nan zan je Kano daga nan Amurka da yara uku kuma ni kaɗai ce babba don Abbansu sai daga baya zai biyo mu. Abin da ke damuna layin dawowa ne, an kwana a jirgi ga ƙaramar tana kuka ga tsayuwa ba iyaka. Wasu sun ce min in yi rajistar shirin rage layi na PreCheck, wasu Global Entry, wata kuma ta ce CLEAR, ni dai duk sun ruɗa ni. Girin kad gare ni, yaran kuma haihuwar nan ne.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Global Entry za ki yi Hajiya, babu ma dogon tunani. PreCheck aikinsa wajen fita ne kawai, layin binciken TSA, hukumar tsaron filayen jirgi, ba sai kin ciro kwamfuta ko kwalaben turare daga jaka ba, ba cire bel ba cire ƴar jaket. Amma ranar da kika dawo daga Kano ba abin da zai tsinana miki a layin shige da fice. Global Entry shi ne na dawowa, kin tsaya gaban na'ura ta ɗauki fuskarki kin wuce, kuma PreCheck ɗin yana cikinsa. Dala 120 ne tun Oktoban 2024, da 100 ne, shekara 5 yake yi. Shi PreCheck zalla tsakanin dala saba'in da wani abu zuwa 85 ne, ya danganta da kamfanin da ya yi miki rajista, kin ga tazarar ba ta kai ta kawo ba.

Ummi Atlanta: Kuma yara ƴan ƙasa da 18 kyauta ne yanzu in uwa ko uba na ciki ko sun cike tare. Amma kowane yaro sai an cike masa nasa, har jaririya.

Maman Ilham: Har ta goye??

Ummi Atlanta: Har ita wlh, kuma sai kin kai ta intabiyu an gan ta. A PreCheck ne ƴan 12 zuwa ƙasa suke bin iyaye haka nan.

Injiniya Shikago: CLEAR ki manta da shi. Kamfani ne mai zaman kansa, kusan dala 200 duk shekara, layin duba katin shaida kawai yake tsallakar da ke, binciken jaka yana nan yana jiranki. Na masu hawa jirgi duk sati ne.

Alhaji na Bronx: Salam. Ni ba zan ce kar ki yi ba ƴata, amma ki saurare ni da kyau tunda gida za ki. Na riƙe Global Entry ɗin nan na ji daɗinsa ƙwarai, in na sauka kafin jakunkuna su fito har na gaji da jira. To wata dawowa da na yi daga Sakkwato, daren da zan taso wani ɗan uwa ya aiko yaro da ƙulli a leda an naɗe da salatif, wai in kai wa ɗiyarsa da ke karatu a nan. Na kira shi na tambaye shi mene ne ciki, ya ce atamfa ce da yaji da turaren wuta, na sake tambaya akwai nama ya rantse min babu. Mutum ne da ya girme ni, yaya zan yi in kwance masa ƙulli a gaban yaronsa? Na sa a akwati. Da na sauka aka tambaye ni ko ina ɗauke da abinci na ce yaji ne kawai, ina tura amalanken kaya sai ga ɗan karen nan nasu mai dogon kunne ya zo ya zauna gefen akwatina ya ƙi tashi. Aka kai ni ɗakin bincike aka yanka ledar, wlh kilishi ne shimfiɗe tsakanin atamfofin da dambun nama a robar man shafawa. Na yi bayani iya bayani, jami'in bai ɗaga min murya ba, ya ce shi ya yarda da ni amma akwatin nawa ne kuma amsar da na bayar tawa ce. Aka ƙwace, aka ci ni tara, ba a jima ba saƙo ya shigo cewa an soke min rajista. Na rubuta neman a sake dubawa ba a mayar min ba. Tarar ba ta dame ni ba kamar yadda yanzu in na dawo sai in ga an tura ni bincike na biyu, ga shekaru ga ciwon gwiwa. Shi kuwa da na kira shi cewa ya yi ai ɗan kaɗan ne, kowa ma yana kaiwa. Shi wannan shiri gaba ɗayansa amana ce, sun ce sun yarda da ke ba sai sun tsaya tuhumarki ba, saboda haka abin da za a yi wa wani gargaɗi a kai ke ƙwace kati za a yi. In kin san ba za ki iya ce wa dangin miji a'a ba, ko ba za ki iya kwance kowane saƙo a gaban mai shi ba, to ki yi tunani kafin ki biya.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah Ya kiyaye gaba Baba. Wlh tun yanzu mutum huɗu sun ce za su ba ni saƙo.

Ummi Atlanta: Allah Ya mayar da alheri Baba. Nama kowane iri daga gida ba ya shiga, busasshe ne ko soyayye, har dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza suna iya ƙwacewa. Amma in ka faɗa da bakinka cewa ga abin da ke jakarka, iyaka su duba su zubar da wanda bai halatta ba, babu tara. Ɓoyewar ce laifin.

Sadiq DMV: Ni fa na daina karɓar saƙo kwata-kwata, a ce min mai girman kai na ji.

Hajiya Babba: Haba Sadiq, da ka zo ƙasar nan wa ya riƙa kawo maka kuka da daddawa? Ba saƙon ba ne? Zumunci ba a yar da shi saboda kati. A buɗe a gani dai, wanda ya ƙi a buɗe a mayar masa da abinsa.

Sadiq DMV: Allah Ya huci zuciyarki Hajiya, naki zan ɗauka ko buhu ne.

Ɗan Zazzau: Bakano ne fa, ku bincika da kyau, ƙila kuɗin kilo yake so a fara biyansa 😂

Sadiq DMV: Ka ji Bazazzagi, kai da ko Legas sai an raka ka.

Baban Khalifa: Mu dawo kan magana. Hajiya in za ki cike ki tabbata shafin gwamnati ne mai ƙarewa da .gov, akwai masu shafukan da suke kama da shi su karɓi ƙarin kuɗi don kawai su cike miki fom. Za a tambaye ki adireshi da wuraren aiki da ƙasashen da kika je na shekara 5 baya, ki sa har Umara da inda kika shiga gari a hanya, kar ki rage komai. Kuɗin ba a mayarwa ko an ƙi ki. Wasu amincewar farko takan fito musu cikin kwanaki, wasu sai an yi watanni, sannan ga neman gurbin intabiyu. In ta fito kina Kano ba matsala, akwai Enrollment on Arrival, kina sauka a manyan filayen jirgi ki ce musu kina da amincewar farko su yi miki intabiyun a nan take.

Injiniya Shikago: Wanda zai amfane ta a wannan tafiyar ko da Global Entry ɗin bai fito ba shi ne Mobile Passport Control. Manhaja ce ta hukumar kwastan, kyauta, masu girin kad da ƴan ƙasa duk suna amfani da ita, ki sa kanki da yaran a waya ɗaya ki tura da zarar jirgi ya sauka, galibi layinsu daban kuma gajere ne. Wanda sau ɗaya yake zuwa gida a shekara biyu ni ina ganin ita ma ta ishe shi.

Baban Khalifa: Ba kullum layin nata yake a buɗe ba Injiniya.

Injiniya Shikago: Haka ne, amma ko sisi ba ta biya ba.

Sadiq DMV: Ku duba katunan bashinku ma, irin su Capital One Venture da Chase Sapphire Reserve suna mayar da kuɗin rajistar in da su ka biya.

Malam Habu: Ba na son mu riƙa tura mutane ga katin bashi saboda dala 120. Sharaɗin ruwa yana cikin yarjejeniyar tun ranar da ka sa hannu.

Sadiq DMV: Malam in kana biya duka kafin wata ya cika ai ruwa ba ya hawa.

Malam Habu: Akwai malaman da suka sauƙaƙa a kan haka akwai waɗanda ba su sauƙaƙa ba, mu bar shi sai zaman Lahadi, nan ba wurinsa ba ne.

Zainabu Buffalo: Mu na bakin iyaka NEXUS muke yi, shi ma 120 ne, ga shiga Kanada da mota ga Global Entry ga PreCheck duk a ciki. Sai dai intabiyun sai an zo ta wajenmu don jami'an ƙasashen biyu ne suke gani.

Ɗan Maraɗi: Ina wuninku. Tsohuwata za ta zo ganin jikoki da bizar ziyara, fasfon Nijar, akwai wanda zan yi mata cikin waɗannan?

Baban Khalifa: Gaskiya babu ko ɗaya. Ban da ƴan ƙasa da masu girin kad sai ƴan wasu ƙasashe da aka yi yarjejeniya da su irin Birtaniya da Jamus da Indiya, Nijar da Najeriya da Gana ba sa ciki. Ka sa mata buƙatar keken guragu a tikiti, kyauta ne, ma'aikaci zai turo ta tun daga ƙofar jirgi har ta fito, ba za ta yi tsayuwar nan ba.

Ɗan Maraɗi: Madalla, Allah Ya saka. Sai dai lallashinta ta yarda ta hau shi ne aikin.

Ummi Atlanta: Wani abu kuma Maman Ilham, in lambar rajistarki ta fito sai kin sa ta a tikiti wajen Known Traveler Number, kuma sunan tikitin ya zama daidai da na rajista harafi da harafi, in ba haka ba alamar PreCheck ba za ta fito ba. Kuma ko kina da shi wata rana za ki iya ganin SSSS a takardar shiga jirgi, ranar sai haƙuri, bincike ne har cikin safa.

Hajiya Babba: Kuɗi ma a kula, in abin da iyali ke ɗauke da shi gaba ɗaya ya haura dala 10,000 sai an bayyana, fita da shiga, masu karɓar kuɗin mutane su kai gida ku ji da kyau.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Zan sauke manhajar yau, Global Entry ɗin kuma sai Abbansu ya dawo aiki mun yi magana.

Ɗan Zazzau: To goro fa? Surukina ya ce lallai in taho masa da shi.

Hajiya Babba: Maman Ilham ki kira ni in kin idar da Magariba, akwai maganin hawan jini da nake so ki kai wa yayata a Gwammaja, a kwalinsa yake a buɗe.