Yaya ake tsara bikin 1 ga Oktoba a makarantar firamare?

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum. An ɗora wa kwamitinmu shirya bikin ranar samun 'yancin kan Najeriya, yara kusan 300 ne. Da me za mu fara, kuma ta yaya za su san abin da ake murna a kai, ba fareti kawai ba?

Tsohon Sikawut:
Wa alaikumus salam, Malama. Ku fara da tuta. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta: in faɗin santimita 90 ne, tsawon 180, kowane launi 60. Kore, fari, kore, a tsaye ba a kwance ba, kuma ba a sa tambarin ƙasa a tsakiya. Ku faɗa wa tela haka ƙarara. Yagaggiya ko koɗaɗɗiya ba a ɗaga ta.

Inda aka fi jin kunya igiya ce. Damina kan ruɓar da ita, ƙarfen saman sanda ya yi tsatsa, sai tuta ta maƙale a rabi ana tsakiyar taken ƙasa. Ku sauya igiya, ku ɗiga baƙin mai, ku gwada tun jajibiri. Yara biyu ake sawa: ɗaya ya ja, ɗaya ya tallabe ta kada ta taɓa ƙasa.

A fara ƙarfe 8, a tashi kafin 10, domin zafin ƙarshen damina kan kayar da yaron da bai karya kumallo ba. Jakar fiyawata guda 20 ce, jaka 15 ta bai wa kowa ɗaya. Ku ƙara biyar saboda baƙi.

Abu Hafsat:
A kula da take. Tun 29 ga Mayu 2024 aka koma na 1960, "Nigeria, We Hail Thee", amma har yau bakin yara kan zame zuwa wanda aka saba tun 1978. Mako biyu na bita a taron safe ya isa. Kada a dogara da waya da lasifika, in wuta ta ɗauke fili ya yi tsit.

Malam na Tarihi:
Jawabi kada ya wuce minti biyar, kuma a tsare kuskuren da aka saba. A 1960 Abubakar Tafawa Balewa ne Firayim Minista, shi ya karɓi takardun 'yanci daga Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila, a Legas. Azikiwe bai zama shugaban ƙasa ba sai 1 ga Oktoba 1963, ranar da aka zama jamhuriya. Jihar Arewa kuwa ta sami mulkin kanta tun 15 ga Maris 1959, Sardauna yana Firimiya.

Batun ma'ana, a ganina Babi na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya fi dogon jawabi amfani. A ba yara uku sashe ɗai-ɗai su faɗa da Hausa: na 38 'yancin addini, na 39 'yancin faɗin albarkacin baki, na 42 hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko jinsi. Kowa ya kawo misali daga cikin aji.

Malamar Aji Shida:
Na gode ƙwarai. To ranar hutu ce, yara za su zo kuwa?

Tsohon Sikawut:
Ku yi naku a ranar karatu ta ƙarshe kafin 1 ga wata. In ƙaramar hukuma ta kira fareti, sai ku tura yara 30, sahu uku na goma-goma, da malamai biyu da takardar izinin iyaye.